Kwamfutar hannu da ke sanƙarewa wajen tashi idan tana kan batir

Wannan matsala ce da ake yawan gani a kwamfutar hannu, wadda wasu ke kira ordinatar, musamman irin wadda aka sayo ta hannu. Idan an jona ta da wutar lantarki sai ta tashi lafiya. Idan an cire caja aka kunna ta da batir kaɗai, sai tambarin kamfanin ya fito a kan allo, daga nan ta tsaya cak.

Yawanci laifin na batir ne. Lokacin tashi, kwamfuta takan ja wuta da yawa a tashi ɗaya, domin dukan sassanta suna fara aiki tare. Batirin da ya tsufa ba ya iya ba da wannan ƙarfi, ko da alamarsa ta nuna a cike yake. Batirin litiyom yakan fara rauni bayan an cika shi an ƙarar kamar sau 300 zuwa 500. Zafi kuma yana gaggauta tsufansa, ga shi a Maraɗi, Damagaram da Tawa zafin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40. Barin kwamfuta cikin mota a rufe, ko ɗora ta bisa katifa tana aiki, duk cin ran batir ne.

Kafin a je wajen mai gyara, a fara kwashe muhimman takardu zuwa ma'ajiyar USB tun tana kan wuta, domin kashe ta da ƙarfi sau da yawa yana iya lalata abin da ke ciki, kamar lissafin kuɗin ƙungiya ko sunayen ɗalibai.

Sannan a kashe ta, a cire caja da duk abin da aka jona mata. Idan batirinta mai fita ne, a cire shi, a danna maɓallin kunnawa a riƙe sakan 30. A share ƙurar da ke bakin batirin da busasshen ƙyalle, a mayar da shi, a cika shi, a sake gwadawa. In akwai mai kwamfuta iri ɗaya, a ari batirinsa: idan ta tashi da shi, an gano mai laifi. Idan ta sanƙare da shi ma, matsalar tana cikin kwamfutar kanta, kuma sayen sabon batir asarar kuɗi ce.

Yawancin sababbin kwamfutoci batirinsu a ciki yake. Kada a buɗe su a gida. Mai gyara yana iya fitar da rahoton batir daga Windows, wanda ke nuna ƙarfinsa na asali da abin da ya rage.

Batirin da ya kumbura har ya ɗaga jikin kwamfuta yana iya kamawa da wuta. A daina cajinsa nan take, kada a huda shi, kada a jefa shi inda ake ƙona shara.