Dierk Lange da Girgam na Sarakunan Borno

Duk ɗalibin tarihi a Jami'ar Maiduguri da ya nemi sanin jerin sarakunan Sefawa, da wuya ya kauce wa sunan Dierk Lange, Bajamushen da aka haifa a shekarar 1941. Sai dai labarin aikinsa ya faro tun kafin a haife shi.

A shekarar 1851 wani Bajamushen, Heinrich Barth, ya sauka a Kukawa a zamanin Shehu Umar. A nan ya sami kwafin Diwani, wato Girgam, mai ɗauke da sunayen sarakunan Kanem da Borno da tsawon mulkinsu. Ya kuma sami kwafin littattafan Imam Ahmad bin Furtuwa kan yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma, ya aika da su Turai. A 1893 Rabe ya ci Borno, ya ragargaza Kukawa, amma waɗancan takardu suna can a adane.

Su ne Lange ya duƙufa a kansu. A 1977 ya fitar da Diwanin da fassarar Faransanci, bayan ya gwada kwafi da kwafi, ya auna shekarun kowane Mai da abin da marubutan Larabawa suka ruwaito. A 1987 kuma ya fitar da littafin Ibn Furtuwa na yaƙe-yaƙen Borno, wanda aka rubuta a 1576, da nassin Larabci da fassarar Ingilishi. H. R. Palmer ya riga shi fassara littafin a 1926, amma Lange ya bi ƙasar Borno yana neman garuruwa da kufayin da Imamin ya ambata, domin ya daidaita sunan da ke takarda da wurin da ke ƙasa. Ya koyar a Yamai, daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Bayreuth.

Ba duk abin da ya faɗa aka karɓa ba. A 2011 ya yi da'awar cewa 'yan gudun hijira daga daular Assuriya ne suka kafa Kanem, masana da dama kuwa ba su gamsu da hujjojinsa ba. Duk da haka, nassoshin da ya tace suna nan ana aiki da su.

Tambayar da ta rage tamu ce: takardun da ke cikin adakokin malaman Yerwa, waɗanda gara da damina ke ci, wa zai tace su kafin su salwanta?