Tayar da Tsohuwar Akori-kura: Yadda Za Ka Tsara Aikin Kafin a Kwance Noti Ɗaya

Idan ka bi hanyar Kano zuwa Gwarzo, daga Rimin Gado ka wuce ta ƙasar Kabo har ka dangana da Getso, da wuya ka rasa ganin tsohuwar akori-kura a ƙofar wani gida ko a bayan gareji, an ɗora ta a kan duwatsu, kaji sun mai da ita akurki. Ka tambaya, za a ce maka gyara aka fara. Yawancinsu ba tsufa ne ya kwantar da su ba. An kwance su ne babu lissafi, kuɗi ya ƙare a tsakiyar aiki, kayan da aka cire suka bi hannun yara.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin dakon amfanin gona ya zama abin da ke cinye ribar manomi, sabuwar mota kuwa ta fi ƙarfin yawancin ƙungiyoyi. Shi ya sa tayar da tsohuwa ya dawo abin dubawa. Aikin yana yiwuwa, amma yana da jeri, kuma jerin ne ke nuna inda kuɗinka zai fara zuwa.

Wace mota ce a gabanka?

Biyu suka fi yawa a wannan yanki. Ta farko Fijo ce, 404 ko 504. Kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har wajen 2006, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa. Wannan ne ya sa kusan kowane dattijon makanike ya san cikinta kamar yunwar cikinsa. Injinta na fetur ne mai kafireta, babu kwamfuta, ana iya gyara shi a gindin bishiya. Matsalarta shan mai, ga kuma kayan gyara na asali da suka yi ƙaranci, jabu ya cika kasuwa.

Ta biyu tsohuwar Toyota Hilux ce, ko mai injin fetur na 22R, ko mai gas irin 2L, 3L da 5L. Ta fi tsayi daga ƙasa, don haka ta fi jure burtali da hanyar gona da damina, amma kayanta sun fi tsada. Ka riƙe wannan: injinan gas ɗin nan da bel suke aiki a gaba, ba sarƙa ba, kuma idan bel ɗin ya tsinke mota na tafiya yana iya lalata kan injin. Duk Hilux mai gas da ka saya ba ka san tarihinta ba, canza bel ɗin ya shiga lissafin farko.

A duba shasi tukuna

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Inji ana sauke shi a ɗora wani, giya ma haka, amma shasi shi ne ƙashin bayan mota, kuma motar da ta yi shekara talatin tana dakon buhuna ta gaji a nan. Kai ta wajen wankin mota a wanke ƙarƙashinta sosai, domin laka da giris suna ɓoye tsaga. Sannan a ɗora ta a kan rami, ka shiga da kanka da tocila da ƙaramar guduma. Ƙarfe mai lafiya yana amsa ƙara tas, wanda tsatsa ta ci kuwa sai ka ji shi dum, wani lokaci ma gudumar ta burma.

Wuraren da za ka fi sa ido su ne inda sifirin baya ya kama shasi, da tsakanin kan mota da bodi, da inda akwatin sitiyari yake ɗaure. Idan motar ta taɓa dakon takin zamani, ɗaga daɓen bodin ka leƙa, domin yuriya na jan damshi kuma tana cin ƙarfe fiye da yadda ake zato. Bayan haka ka ɗauki tef ka auna daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, ka sake auna ɗaya ɓangaren. Idan awon bai zo ɗaya ba, shasin ya karkace, wataƙila daga tsohon haɗari, kuma irin wannan mota ba za ta daina cin taya gefe guda ba ko nawa ka kashe.

Ƙaramar tsaga guda ɗaya mai walda ƙwararre zai iya ɗinke ta ya ɗora faranti a kai. Amma shasin da aka yi wa faci a kan faci, ko wanda ya ruɓe ta ciki, shawarata ka haƙura da shi. Ka sayar da motar a matsayin kayan gyara, ka nemi wata. Gara ka yi asarar kuɗin wanki da na rami da ka yi asarar kuɗin inji.

Takardu, kafin kuɗi su fita

Ka goge lambar shasi da ta inji ka gwada su da abin da ke rubuce a takardun motar. Motocin da suka daɗe sukan bi hannu biyar ko shida, wani lokaci ta gado ce da ba a raba ba. Ka tabbata mai sayarwa shi ne mai ita, a yi takardar ciniki gaban shaidu. Idan za a canza inji, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, ka kuma gyara takardunka. Ranar da 'yan VIO ko jami'an KAROTA suka tare ka a Kabuga da tumatir a baya, ba ranar neman rasit ba ce.

Jerin aiki

Bayan shasi sai birki, sai sitiyari da ƙafafu, sai inji da giya, sai wayarin, sannan bodi. Fenti shi ne na ƙarshe. Mutane da yawa daga fenti suke farawa don shi ido ke gani, sai ka ga mota tana ƙyalli, direba yana famfa birki sau uku kafin ta tsaya.

A birki kada ka yi tsimi. A canza robobin tukunyar birki, da tiyo-tiyon roba da suka tsage, da takalman birki, a zubar da tsohon man gaba ɗaya. A ƙafafu a duba boris, da bushin, da shokozoba, da ganyen sifiri. Akwai al'adar ƙara ganye biyu ko uku don mota ta ɗauki kaya da yawa. Ƙarin ganye yana hana ta zaunawa, amma ba ya ƙara wa shasi ko birki ƙarfi. Irin waɗannan motoci kusan tan ɗaya aka ƙera su su ɗauka, wato kamar buhu goma na masara mai kilo 100, ko buhu ashirin na taki mai kilo 50. Wanda yake loda buhu ashirin na masara, shi yake rubuta wa shasinsa ranar karyewa.

Kan inji kuwa, kada ka yarda a sauke shi kafin a gwada. Idan yana tashi, hayaƙinsa zai ba ka labari. Shuɗi-shuɗi na nufin yana ƙona baƙin mai, zobban fistin sun gaji. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi na nufin ruwa na shiga, sau da yawa daga gaskit. Baƙi kuma mai ne ya yi yawa, kafireta ko nozul ke son gyara, kuma wannan ba ya buƙatar a buɗe inji. Ka sa a auna matsin kowace silinda da na'urar awo, ba da tafin hannu ba.

Daga nan zaɓi biyu ne: a yi wa naka garambawul, ko a sayo na tokumbo. Idan bulok ɗinka bai tsage ba, garambawul ya fi kwanciyar hankali, don ka san abin da aka sa a ciki. Sharaɗin shi ne a kai ƙaranshaf da bulok wajen masu injin gogewa a Kano su auna, sannan a sayo fistin da mital daidai da awon. Injin tokumbo kuwa sayen kifi a ruwa ne, sai dai idan an tayar maka da shi a ƙasa kuma mai shago ya rubuta maka kwanakin gwaji. A wanke lagireto ko a canza shi a lokaci guda. Kuma a bar wa injin abin daidaita zafinsa da makanikai ke son cirewa su jefar. Zafin da mota ke yi yawanci daga toshewar lagireto ne ko famfon ruwa.

Tsofaffin wayoyi da aka yi ta ɗaurewa da leda su ne ke kona mota. Ka biya mai wayarin ya sake su da fis na gaskiya. Duk lokacin da za a yi walda, a cire kan batir, a kuma sauke tankin mai idan aikin yana kusa da shi.

Sayen kaya da lissafi

Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ita ce matattarar kayan gyara, kuma daga Gwarzo tafiyar kusan kilomita 70 ce, don haka zuwa sayen abu ɗaya-ɗaya asara ce. Ka sa makanike, da mai walda, da mai wayarin, da mai gyaran bodi kowa ya rubuta abin da yake buƙata da kuɗin aikinsa daban. Ka tafi da makaniken, amma kuɗi a hannunka, kuma ka riƙe tsohon abin don gwadawa. A kan jimillar ka ƙara kashi ɗaya cikin uku, domin sai an buɗe ake ganin sauran ciwon. Idan abin da ke hannunka bai kai ƙarshen aikin inji ba, kada a fara kwancewa.

Ka lura da tayoyi. A gefen kowace akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar tokumbo tana iya zuwa da zane mai kyau alhali robar ta bushe, kuma zafin kwalta a watan Afrilu ba ya raga mata.

Ranar kwancewa, ka ɗauki hoton komai da wayarka, a zuba notina a gwangwanaye a rubuta inda aka ciro su. Kayan da aka cire a kai su gidanka, ba a bar su a gareji ba. Kuɗin aiki kuma a biya shi mataki-mataki.

Lokacin da ya dace

Ka duba kalandar gonarka. Daga Satumba zuwa Disamba mota ba ta hutawa: gero, masara, gyaɗa, waken soya, dawa, ana ta kaiwa Getso da Dawanau. Daga Janairu kayan lambun 'yan rani su karɓa, sai kuma kai taki gona da bazara. Tazarar da ta rage ita ce Yuli da Agusta, amma lokacin ne aljihu ya fi bushewa. Mafita ita ce a sayi manyan kaya lokacin da aka sayar da hatsi, a adana su, a yi aikin bayan an gama shuka, da niyyar mota ta fito kafin a fara yankan gero. Fenti zai iya jira har ruwa ya ɗauke.

Idan ta ƙungiya ce

A rubuta kason kowa. A naɗa mutum biyu su riƙa bin aikin, ma'aji yana karɓar rasit. Tun kafin mota ta fito a yanke kuɗin dakon buhu ga ɗan ƙungiya da wanda ba ɗan ƙungiya ba, da yadda za a bi layi da kaka, don a nan ake ɓatawa. Direba ya zama ɗaya, mai lasisi, da littafin da yake rubuta tafiya da man da aka sha. Daga kuɗin kowace tafiya a ware wani abu na baƙin mai da taya.

Bayan an ɗaura injin, kada a loda mata cikakken kaya ko a ba ta wuta a kilomita 1,000 na farko. Tafiya bakwai kenan Gwarzo zuwa Kano da dawowa. Idan ta cika su, a juye baƙin mai, a canza filta, a sake ɗaure notinan ƙafa da na sifiri, sannan a koma kan rami a duba ko waldar shasi ta motsa.