Dogaro ga Allah da kuɗin lakwal: tafiyar wata koyarwa a majami'un Nijar

Duk wanda ya yi maƙwabtaka da majami'a a Yamai har yana jin wa'azi ta kan katanga, ya san akwai maganar da ba a wata guda ba a maimaita ta ba, wato kada mutum ya jingina ransa ga dukiya. Tushenta na cikin Linjila. A Matiyu sura 6 Yesu ya kafa misali da tsuntsaye, waɗanda ba su da gona balle rumbu amma suna ci. A Luka sura 12 akwai manomin da damina ta yi wa kyau, ya kwana yana lissafin faɗaɗa rumbunansa, gari bai waye da shi ba. A Markus sura 12 kuma an yabi gwauruwar da ta ba da 'yan kuɗin da suka rage mata. Tun da Kiristanci ya shigo ƙasar nan waɗannan ayoyi ake karantawa. Abin da ya riƙa sauyawa shi ne mai faɗar su, da wanda ake faɗa wa, da kuma wanda nauyin ke faɗawa kansa. A ganina babu inda wannan ya fito fili kamar a sha'anin karatun yara.

Sai mun koma baya kaɗan, wajen ƙasar nan. A birnin Bristol na Ingila an yi wani mai wa'azi Bajamushe, George Müller, wanda ya riƙe marayu sama da 10,000 a rayuwarsa ba tare da ya roƙi kowa kuɗi ba. Ya ce Allah kaɗai zai faɗa wa bukatarsa. Hudson Taylor ya ɗauki wannan tsari ya kafa mishan ta ƙasar Sin a 1865: babu cin bashi, babu alkawarin albashi, abin da ya shigo a raba. A kan wannan turba ce samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas a watan Disamba na 1893 da niyyar shigowa ƙasar Hausa. Babu wata babbar ƙungiya a bayansu. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu, Bingham ya koma Kanada da zazzaɓi. Daga ƙoƙarinsa aka sami Sudan Interior Mission, wadda muka sani da SIM.

Ban da shakka a kan gaskiyar waɗannan mutane. Wanda ya bar gida ba albashi ya zo ya mutu a daji, ba za a ce da baki kawai yake dogara ga Allah ba. Matsalar ta taso ne da koyarwar ta sauka a wata ƙasa mai nata ma'aunin.

SIM ta buɗe tasharta ta farko a Damagaram a 1924, ta biyu a Tsibirin Gobir a 1927. Bature ɗan mishan yana ganin kansa talaka ne, domin idan aka gwada shi da 'yan'uwansa na Toronto ko Chicago ba shi da komai. Bagobiri kuwa abin da idonsa ke gani shi ne gidan kwano, da akwatin magani, da kuku, daga baya har da mota. Kuma a wurin Bahaushe arziki ba tarin kaya ba ne kawai. Mai arziki shi ne wanda ake ci a ƙofar gidansa, wanda ke kai gudummuwa wajen biki da suna, wanda ke da mutane. Mai abu a hannu da ba ya sakin sa, sunansa marowaci, ko da kuwa hujjarsa daga littafi ya ɗauko ta. Barbara Cooper, malamar tarihi da ta yi dogon bincike a Maraɗi ta fitar da littafi kan Kiristocin yankin a 2006, ta nuna yadda rashin fahimta irin wannan ya daɗe yana cin dangantakar mishan da sababbin mabiyanta.

Su ma 'yan mishan suna da dalilinsu. Tun ƙarni na 19 Henry Venn na CMS ya shimfiɗa ƙa'idar cewa majami'ar 'yan ƙasa ta ciyar da kanta, ta mulki kanta, ta yaɗa kanta. Suna tsoron a ce sun sayi mutane da hatsi, suna kuma tsoron majami'ar da za ta rushe ranar da kuɗin waje ya yanke. Don haka mai bishara ɗan ƙasa ya yi noma ya ci, majami'a ta gina ɗakinta da baikonta. A inda mishan ta saki hannu, a fannin lafiya ne: asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, da wurin kula da kutare na Danja kusa da Maraɗi, waɗanda har gobe akasarin masu zuwa cikinsu Musulmi ne.

To amma karatu fa? Nan ne nake ganin an yi wa koyarwar fassarar da ta cuci yara. Faransawa sun kafa doka tun 1922 cewa makarantar da ba ta gwamnati ba dole ta koyar da Faransanci. 'Yan SIM kuwa akasarinsu masu Ingilishi ne, kayan aikinsu na Hausa ne daga Najeriya, musamman bayan fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Burinsu mutum ya iya karanta Linjila da harshensa, ya yi noma, ya yi wa'azi a ƙauyensu. Ƙarfinsu ya tafi ga makarantun Littafi Mai Tsarki da ta koyon noma a Maza Tsaye. Ni malami ne, ba zan raina karatu da harshen uwa ba. Yau ma shi muke ta fafutukar a shigar a lakwal. Sai dai yaron da ya iya Hausa ya kasa Faransanci a Nijar ta 1960, ba shi da takardar da za ta sa ya zama mushe, ko likita, ko ma'aikacin ofis. An ce masa neman muƙami son duniya ne. Wanda ya faɗa masa haka kuwa nasa 'ya'yan suna makarantar kwana ta 'ya'yan mishan a ƙasar Jos, suna shirin shiga jami'a a Amurka. Wanzami ba ya son jarfa. Makarantar firamare ta Tsibiri ta fitar da mutane masu daraja, amma makaranta ɗaya ba ta ɗaukar al'umma.

Da aka kafa majami'ar EERN a daidai lokacin samun mulkin kai, ta gaji dogaro da kai ba tare da ta gaji masu albashin da za su riƙe ta ba. Majami'ar manoman gero, wadda baikonta ke hawa da sauka da damina. A ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 ta rabe gida uku, kuma maganar kuɗi da shugabanci na cikin abubuwan da suka raba ta.

A nan Yamai Katolika sun bi wata hanya. Fada François Faroud ya kafa mishan a 1931, shekara biyar bayan an mayar da babban birni nan daga Damagaram. Mabiyansu na farko galibi baƙi ne ma'aikata daga Dahomey da Togo da Haute-Volta. Da yake Faransanci harshensu ne, doka ba ta zame musu shinge ba. A zamanin Hippolyte Berlier, wanda ya zama bishop na farko na Yamai a 1961, sun ɗauki kyauta a matsayin hidima ga kowa ba tare da jiran ya sauya addini ba. Makarantu irin su Mariama da Issa Béri sun yaye ɗalibai masu yawa, mafi yawansu Musulmi, waɗanda suka riƙe ma'aikatun ƙasar nan. Wannan ma yana da nasa tabo: kuɗin ginin daga Turai da Kanada ya zo, kuma yau kuɗin shiga irin waɗannan makarantu ba kowane uba ke iya biya ba.

Yunwa ce ta tilasta wa kowa ya sake tunani. A farin 1973 zuwa 1974 dubban makiyaya da suka rasa dabbobinsu sun taru a sansanin Lazaret, wanda yanzu unguwa ce a cikin birni. Ranar 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani, kuma cikin hujjojinsa har da karkatar da abincin agaji. Ba ya yiwuwa ka tsaya gaban uwa mai ɗa a kwance ka karanta mata ayar tsuntsaye alhali akwai buhuna a ma'ajiyarka. A yunwar 1984 SIM ta raba abinci a karkarar Maraɗi a madadin aiki, kuma wani ma'aikacinta ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya haɗa rabon da sharaɗin manomi ya bar kututturan gonarsa su tofo ya riƙa yi musu aski. Shi ne sassabin zamani. Da agajin ya ƙare wasu sun sare itatuwan, wasu sun bari, suka ga amfani, maƙwabta suka kwaikwaya. Masu bincike sun ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta wannan hanya ya kai hekta miliyan 5. Cikin duk kyautar da mishan ta yi a ƙasar nan, wannan ce na fi girmamawa, domin bayan mai bayarwa ya tafi ta ci gaba da haihuwa a hannun manomi.

Daga nan iska ta juyo daga kudu. Kuɗin yuraniyom ya faɗi, taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar kafa ƙungiyoyi, ma'aikata suna wata da watanni ba albashi, a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. A cikin wannan ƙunci ne majami'u sababbi suka yawaita a Yamai, da yawansu rassa ne daga Najeriya da ƙasashen gaɓar teku. Wani ɓangare nasu ya zo da koyarwar da Oral Roberts ya yaɗa a Amurka, cewa baiko iri ne, wanda ya shuka zai girbe ninki. Benson Idahosa na birnin Benin, wanda ya rasu a 1998, shi ya ba ta muryar Afirka, David Oyedepo kuma ya gina mata ɗakin taro mai ɗaukar mutum 50,000 a Ota a 1999. Ba na mamakin karɓuwarta. Jikokin mutanen da aka ce musu talauci ado ne sun ji wani yana cewa Allah ba ya nufinsu da wahala, kuma wannan rabin maganar gaskiya ce. Kunnen Bahaushe ma ya saba da ita, tunda mu muka ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ɗaya rabin ne nake gani a aji. Wata shekara, a farkon komawa lakwal cikin Oktoba, wata uwa ta zo ta roƙe ni in yi haƙuri da ɗanta da ya zo ba littafin rubutu ba alƙalami. Ta tara jikka goma don kayan karatunsa, sai aka yi taron addu'a a majami'arsu aka ce kowa ya shuka abin da zai yi masa zafi. Ta shuka. Tana faɗa mini haka da fara'a, tana jiran girbi. Yaron ya yi mako uku yana kofe darasi a bayan tsofaffin takardun da na tsinto masa. Matar nan ba ta da wauta, kuma bangaskiyarta ta fi ta mutane da yawa. Amma a 1950 da kuma a ajina, an kira sunan dogaro ga Allah, kuma ɗalibi ne ya biya.

Abin da ke ba ni haushi shi ne ayar shuka da girbi da ake jingina da ita tana cikin wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Korintiyawa, sura 8 da 9, kuma wanda ya karanta surorin gaba ɗaya zai ga wani abu dabam. Kuɗin da Bulus ke tarawa na matalautan Urushalima ne, ba nasa ba. Shi da ɗinkin tanti yake ci. Ya ce kowa ya bayar gwargwadon abin da yake da shi, kada a sauƙaƙa wa wani a ƙuntata wa wani. Ya kuma sa majami'u suka zaɓi mutumin da zai raka kuɗin, don kada a zarge shi. Wato akwai mai karɓa sananne, akwai iyaka, akwai shaida. Iyaye na da haƙƙin tambayar waɗannan abubuwa uku a duk inda aka miƙo musu kwanon baiko. 'Yan'uwana Musulmi ma sun san wannan awo, tunda zakka na da nisabi da mutanen da aka ƙayyade a ba, kuma mai tawakkali an ce ya fara ɗaure raƙuminsa.

Jarrabawa mafi zafi ta zo ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, lokacin tarzomar zanen jaridar Charlie Hebdo, da farko a Damagaram, washegari a Yamai. Mutum goma suka mutu a biranen biyu. 'Yan sanda sun ce an ƙona majami'u 45 a Yamai kaɗai, har da gidan marayu da makarantar Kirista. Wuta ba ta tambayi wace majami'a ke wa'azin talauci wace ke wa'azin wadata ba. A ƙasar da ƙidayar 2012 ta nuna Kirista ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, mutane sun wayi gari da bencin da suka saya da baikon shekara ashirin ya zama gawayi. Wasu a gidajen maƙwabtansu Musulmi suka ɓuya. Shugabannin majami'u sun yi kira da a yafe, aka koma sujada a ƙarƙashin rumfuna cikin bangon da ya yi baƙi. Bishop-bishop na Katolika sun dakatar da makarantunsu da ɗakunan shan magani na wani lokaci, kuma a kwanakin ne iyaye da dama suka lura da yawan 'ya'yan birnin da ke zaune a kan bencin mishan.

Sake ginin ya dawo da tsohuwar tambayar Venn, domin kuɗi masu yawa daga ƙungiyoyin waje suka fito, sauran kuma daga aljihun masu ɗinki da masu gadi da malaman lakwal. A watan Yuni na 2015 aka naɗa Laurent Lompo, ɗan ƙasar Makalondi, babban bishop na Yamai. Shi ne ɗan Nijar na farko a kujerar, shekara 84 bayan zuwan Fada Faroud, kuma ya karɓi majami'u da dama da ba su da rufi.