Anza: Abincin da Ya Tsallakar da Kakanninmu

A ajina a nan Kance na tambayi yara, me mutane suka ci lokacin da rumbu ya ƙare? Wani yaro ya ce anza. Ajin ya fashe da dariya, yaron ya sunkuyar da kai. Wannan dariyar ce ta dame ni.

Tarihinmu cike yake da shekarun yunwa, har sunaye aka ba su. Akwai Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Akwai farin 1973. Akwai ta 1984, wadda ake kira El-Buhari, domin a shekarar ce Najeriya ta rufe iyakarta, kuma mu da ke kusa da Daura mun ji a jikinmu. Ta 2005 kuwa, wadda ta addabi Damagaram da Maraɗi, da idona na gan ta.

A duk waɗannan lokuta daji ne ya riƙe mutane kafin taimako ya iso. An ci tafasa da yaɗiya, an sussuka ƙarangiya don 'yan ƙwayoyinta, an tona gidan tururuwa don hatsin da ta tara. Amma anza ce babba. Itaciya ce da ba ta jin fari, kuma 'ya'yanta kan nuna kafin sabon gero ya shigo. Sai dai ƙwayarta ɗaci gare ta, tana kuma cutarwa in ba a gyara ta ba. Mata kan ɓare ta, su jiƙa ta kwanaki suna sauya ruwa har ɗacin ya fita, sannan su dafa ta kamar wake. Kakata takan ɗanɗana kafin ta ɗora tukunya, harshenta ne ma'auninta.

Wannan ilimi ne, kuma ba a lakwal aka koye shi ba. Uwa ce ke koya wa ɗiya. In tsofaffin suka tafi da shi, ranar da damina ta sake ƙi, yaro zai ga anza ya kasa ci, ko ya ci ta cuce shi.

Shi ya sa na ba ɗalibaina aikin gida: kowa ya zauna da kakarsa, ya rubuto sunan abin daji ɗaya da yadda ake gyara shi. Iyaye, in sun zo da tambayar, don Allah kada ku kore su.