Gubar Asanik da Hanjin Ɗan Adam

Tun daga farin 1973 har zuwa kammala madatsar ruwa ta Zobe a 1983, batun ruwan sha yana kan gaba a ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma. Ma'aunin ruwa mai kyau a lokacin sananne ne: ya zama garau, kada ya kawo kurkunu ko amai da gudawa. Rijiyar burtsatse kuwa ta cika wannan sharaɗi.

Da irin wannan ma'auni ƙasar Bangaladash ta haƙa miliyoyin burtsatse tun daga shekarun 1970, don raba jama'a da ruwan kududdufi. Sai a 1993 aka tabbatar ruwan da yawa daga cikinsu yana ɗauke da asanik, watau wata guba da ke narkowa daga ƙarƙashin ƙasa, ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano. A shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage iyakar da ta amince da ita daga maikurogiram 50 zuwa 10 a kowace lita.

To, abin da ya ɗaure wa likitoci kai shi ne, mutum biyu su sha rijiya ɗaya, fatar wannan ta yi kanta da tabo, wancan kuwa ko gezau. Wani ɓangare na amsar yana cikin hanji, kuma tarihinta ya faro daga wurin da ba a zata ba. A farkon shekarun 1890 Bartolomeo Gosio na Italiya ya nuna fumfunar da ke tsira a kan koren fenti mai asanik tana mai da shi iska mai warin tafarnuwa. A 1933 Frederick Challenger ya gano ainihin iskar a Jami'ar Leeds ta Ingila. Ashe ƙananan halittu suna iya sauya wa gubar kama. A 2018 masana a Jami'ar Jihar Montana ta Amurka suka nuna ɓerayen da ba su da ƙwayoyin bakteriya a hanji sun fi saurin mutuwa da ita.

Daga nan masu lissafi suka shigo. Akan raini ƙwayoyin bangon hanji tare da bakteriya a ɗakin gwaji, a riƙa auna abin da bakteriya suka riƙe da abin da ya ƙetare, sa'a bayan sa'a. Wani nau'in gubar ma kama yake da fosfet, sai ya bi ƙofarsa ya shige.

Maƙwabta sun riga sun ɗanɗana makamancin wannan. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum ta Zamfara, domin hanjin yaro yana tsotsar ninki huɗu ko biyar na abin da babba ke tsotsa. Ma'aikacin da ke karɓar sabuwar burtsatse a Kurfi, sai ya nemi takardar awon ruwanta kafin a yanka ƙyalle. Tafasawa tana kashe kwalara, amma asanik sai dai ya daɗa taruwa a tukunya.