Daga Biyana Zuwa Jos: Yadda Wanke Hannu Ya Zama Darasin Farko Ga Ɗaliban Jinya

Kowace shekara, ranar 5 ga Mayu, Hukumar Lafiya ta Duniya kan tunatar da ma'aikatan asibiti muhimmancin tsabtar hannu. Mako guda bayan haka, ranar 12 ga wata, ake bikin Ranar Ma'aikatan Jinya, wadda ta dace da ranar haihuwar Florence Nightingale a 1820. A tsakanin ranakun nan biyu tsohuwar muhawara kan taso a makarantun koyon jinya: wa ya kamata a yaba wa a kan wannan darasi? Likitoci sukan ce Semmelweis, masu tiyata su ce Lister. Ni kuwa ina ganin makaranta ce ta yi aikin, kuma tarihi yana bayana.

Mutanen dā sun wanke rauni da giya ko ruwan tsami, sun shafa zuma, sun yi lalas da wuta, ba tare da sanin abin da suke kashewa ba. A Turai har an daɗe ana ɗaukar mugunyar da ke fita daga ciwo alamar sauƙi. Haka aka yi ta lalube har ƙarni na 19.

A babban asibitin Biyana, ƙasar Ostiriya, ɗakunan haihuwa biyu ne. Ɗaya na ɗaliban likita, ɗaya na masu koyon aikin unguwarzoma. A na farkon, zazzaɓin jego yana kashe kusan mace 10 cikin 100. A na biyun, kusan 4. Mata sun san da haka, har wasu kan durƙusa suna roƙon kada a kai su wurin likitoci. A 1847 wani abokin aikin likita Ignaz Semmelweis mai suna Jakob Kolletschka ya samu yanka a yatsa lokacin binciken gawa, ya mutu da alamomi irin na matan. Nan Semmelweis ya gano bakin zaren: ɗalibai suna fitowa daga ɗakin gawa su wuce kai tsaye su duba mai naƙuda. Ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin. Mace-macen da suka kai 18 cikin 100 a watan Afrilu suka sauko zuwa wajen 2 cikin 'yan watanni.

To amma me ya biyo baya? Manyan likitoci suka ɗauki abin cin fuska ne, aka ƙi sabunta masa aiki a 1849, littafinsa bai fito ba sai 1861, kuma a 1865 ya rasu a gidan masu taɓin hankali yana ɗan shekara 47. Gaskiya na hannunsa, amma ba shi da makarantar da za ta ɗauke ta ta yaɗa.

Nightingale kuwa da farko ba ta ma yarda da batun ƙwayoyin cuta ba. A ganinta gurɓatacciyar iska da wari ne ke kawo ciwo. Ta isa barikin Scutari a Nuwamban 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, da mata 38, ta tarar cuta ta fi harsashi kisa. Ta dage a kan wanki, goge ƙasa da buɗe tagogi. Masu suka suna cewa mace-macen ba su ragu sosai ba sai da kwamitin tsabta ya zo daga Landan a Maris 1855 ya gyara magudanan ruwa, kuma na yarda da su. Sai dai babban aikinta ya zo ne a 1860, da ta buɗe makaranta a asibitin St Thomas da ke Landan. A can aka mayar da tsabta ɗabi'ar da ake koyarwa, ake dubawa, ake kuma tsawatarwa a kanta. Ɗalibanta suka bazu suka kafa wasu makarantun. Irin wannan zaren ne ya iso gare mu: Kofoworola Abeni Pratt, wadda ta yi karatu a wannan makaranta, ita ce 'yar Najeriya ta farko da ta zama shugabar ma'aikatan jinya a asibitin koyarwa na Ibadan a 1964.

Ba a tauye haƙƙin masu kimiyya. Joseph Lister, bisa binciken Louis Pasteur, ya wallafa a 1867 yadda sinadarin kabolik ke hana rauni ruɓewa. Daga baya a Jamus, Ernst von Bergmann ya kawo turara kayan tiyata da tururi mai zafi a 1886, aka koma ga hana ƙwayar cuta isa raunin tun farko. Amma wa ke turara kayan, ya jera su, ya canza bandeji da tsakar dare? Hatta safar hannu ta roba, saboda wata ma'aikaciyar jinya, Caroline Hampton, aka fara yin ta a asibitin Johns Hopkins na Amurka wajen 1890, domin sinadarai sun cinye mata fatar hannu.

Zuwan fenisilin ya sa aka yi sakaci, har sai da ƙwayoyin da ba sa jin magani suka addabi asibitoci, sannan Ingila ta naɗa ma'aikaciyar jinya ta farko mai kula da daƙile yaɗuwar cuta a 1959. Mu a nan da rayuka muka biya kuɗin darasin. A 1969 Laura Wine, nas a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, ta kamu da wani baƙon zazzaɓi, aka kai ta Jos ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ta bi ta. A 1970 Dakta Jeanette Troup ta yanke a hannu wajen binciken gawa, ita ma ta rasu. A Ebolar da ta ɓulla a Najeriya a 2014, Dakta Ameyo Adadevoh da nas Justina Ejelonu suna cikin mutum 8 da aka rasa.

Daga waɗannan kaburbura ne darussan yau suka fito: ɗaukar jinin kowane majinyaci a matsayin mai haɗari tun bayan ɓullar ƙanjamau, da lokuta biyar na tsabtace hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara. Shiga ɗakin gwaji ka ga ɗaliba tana buɗe ƙunshin kayan wanke ciwo, tana kama gefen takardar da ɗan yatsa, hannun rigarta ya ɗan gogi audugar. Sista ba ta ɗaga murya ba. "'Yata, zubar, ɗauko wani. Abin da kike shakka a kansa ya riga ya gurɓata." Wannan maimaicin ne Semmelweis ya rasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da ke damuna shi ne abin da ɗalibar ke tararwa in ta fita zuwa ɗakin majinyata: famfo a bushe, kwalbar sanitaiza ba komai, babba yana zagaya gado biyar da safar hannu ɗaya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, majinyata 15 cikin 100 na kwasar wata cuta a asibiti, alhali a ƙasashe masu arziki 7 ne. Saboda haka kada a tantance makarantar jinya da yawan ajujuwanta kaɗai. A duba ko akwai ruwa da sabulu a asibitin da ɗalibanta ke koyon aiki, a kuma ba ƙaramar ɗaliba ikon ta ce wa babban likita: "Ranka ya daɗe, ba ka wanke hannu ba."