Jinyar Ciwon Damuwa ta Hanyar Warware Matsaloli

Jinya ta hanyar warware matsaloli wani salo ne na magance ciwon damuwa, wato baƙin ciki da mutuwar jiki masu daɗewa har su hana mutum harkokinsa, kuma da tattaunawa ake yin ta, ko da magani ko babu. Masana halayyar ɗan Adam na Amurka, Thomas D'Zurilla da Marvin Goldfried, su suka aza harsashinta a 1971, sannan Arthur Nezu ya karkata ta ga ciwon damuwa a shekarun 1980.

Ƙwararren da ke gudanar da jinyar ba ya yanke wa majiyyaci hukunci, sai dai ya taimaka masa ya ware matsala guda, kamar bashi ko rikicin gida, ya fayyace ta, ya jero mafita, ya gwada wadda ƙarfinsa zai kai, a duba sakamakon a zama na gaba, domin wanda matsaloli suka yi wa katutu yakan ɗauka ba abin da zai iya. Babban alfanunta shi ne sauƙin koyarwa, abin da ya sa shirin Friendship Bench, wanda likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya fara a Harare ta Zimbabuwe, yake horar da dattijai mata suna gudanar da ita a harabar asibitoci.